Wane tauraron teku ya dace da tankin murjaninka a Legas? Kwatancen iri biyar

Duk wanda ya tsaya gaban tankin mai sayar da kifin ado ya ga shuɗin tauraron teku manne da gilashi, hannuwa biyar a miƙe kamar yanzu aka tsamo shi daga marinar Ƙofar Mata, da wuya ya wuce bai tambayi kuɗinsa ba. Shi aka fi so, shi ne kuma ya fi mutuwa a hannun masu kiwo. A gefensa za ka ga ƙaramin ja, da wani mai ƙulle-ƙulle a baya, da mai binne kansa cikin yashi, da kuma mai siraran hannuwa kamar wutsiyar maciji da ke ɓuya ƙarƙashin dutse. Duk da suna ɗaya ake kiransu a shago, amma abincinsu da juriyarsu sun sha bamban, har wanda zai shekara biyar a tankin maƙwabcinka yana iya narkewa a naka cikin mako uku.

Ma'aunan da za a duba kafin a fitar da kuɗi

Na farko, kuma mafi nauyi, shi ne abinci. Wasu taurarin suna karɓar abin da ka miƙa musu, guntun jatan lande ko naman kifi. Wasu kuwa ba sa cin komai sai siririn yauƙin ƙwayoyin halitta da ƙananan soson teku da ke tsirowa a jikin dutse mai rai, wato dutsen teku da ƙananan halittu ke zaune a jikinsa, abincin da ba a sayar da shi a kwalba. Irin waɗannan na biyu yunwa ke kashe su a hankali, wata shida, wata tara, mai tanki na ganin suna yawo yana zaton lafiya ƙalau suke.

Na biyu shi ne juriyar canjin gishiri. Tauraron teku ba shi da hanyar daidaita gishirin jikinsa kamar kifi. A bayansa akwai ɗan faifai mai ƙananan huda da ruwan teku ke shiga ta nan, ya bi wasu bututu har cikin hannuwa, kuma matsin wannan ruwa ne ke motsa ɗaruruwan ƙananan ƙafafun da ke ƙarƙashinsa. Ruwan tankinka ke nan shi ne ke yawo a cikin jikinsa. In gishiri ya sauka farat ɗaya sai naman ya kumbura, in ya hau sai ya tsotse, kuma ɓarnar ba ta bayyana a ranar. Bayan kwana huɗu ko goma za ka ga farin tabo a bakin hannu, daga nan naman ya fara zagwanyewa.

Na uku, zaman lafiya da murjani da sauran mazauna tanki. Na huɗu, girman tanki da daɗewarsa: tankin da bai kai wata shida da kafawa ba bai tara abincin da ake magana a kai ba, ko da gwajin ruwa ya nuna komai daidai.

Na biyar kuɗi. Gaɓar tekun Legas ba ta da dutsen murjani irin na Indonesiya ko Kenya, saboda ruwan daɗi da laka da koguna ke zubowa, don haka duk waɗannan dabbobi ta jirgin sama suke shigowa. Farashinsu na bin dala, kuma kamfanin jirgi nauyin ruwan leda yake caji. Amma kuɗin dabbar ba shi ne babba ba. Babban kuɗi yana wajen riƙe ruwa a digiri 24 zuwa 26 dare da rana, a garin da zafin ɗaki ke haura 30 a watannin Fabrairu zuwa Afrilu, wuta kuma tana zuwa tana tafiya.

Shuɗin Linckia

Linckia laevigata daga tekunan Indiya da Fasifik yake, yana kai santimita 30 daga bakin hannu zuwa bakin hannu. Ba ya taɓa murjani, ba ya damun kifi, ta wannan fannin babu kamarsa. Matsalarsa biyu ce kuma kowace ta isa ta kashe shi. Shi ne mafi rashin jure canjin gishiri a cikin biyar ɗin nan, kuma kafin ya iso hannunka ya riga ya bi ta hannun mai nutso, da dillali, da mai fitarwa, da mai shigowa, kowa da irin ruwansa. Da yawa sun riga sun samu rauni tun a hanya, ko da ka yi komai daidai a gida. Sannan ga abinci: yauƙin dutse yake kiwo, kuma dabba mai wannan girma tana sharce dutsen ƙaramin tanki da sauri fiye da yadda yauƙin ke sake tsirowa. Ƙasa da lita 400 cike da dutse mai rai wanda ya shekara, zalunci ne a sa shi. In za ka saya, juya shi cikin ruwa ka duba ƙarƙashin hannuwa: akwai wani ɗan dodon koɗi mai kama da hula, Thyca crystallina, da ke manne masa yana tsotsarsa, launinsa ya saje da na tauraron har sai ka kusanto da ido. Farashinsa na cikin masu tsada, ƙarkonsa a tankin gida shi ne mafi ƙaranci.

Jan Fromia

Nan akwai Fromia milleporella, ja mai ɗige-ɗige baƙaƙe, da Fromia monilis mai zanen fari da ja kamar duwatsun wuya. Ƙanana ne, kusan santimita 10, shi ya sa ake sayar da su a matsayin madadin Linckia ga mai matsakaicin tanki. Akwai gaskiya a ciki, don ƙaramin baki ba ya cinye dutse da wuri, kuma sun ɗan fi jure tafiya. Amma abincin iri ɗaya ne, yauƙi da soso, kuma mafi yawansu ba sa kula abin da aka ajiye musu. Alamar yunwa a Fromia ita ce raguwa: tauraron da ya cika tafin hannu a watan da aka saye shi sai ka ga ya koma kamar murfin kwalba, hannuwa sun sirance. In ya kai nan da wuya ya dawo. Lita 250 zuwa 300, tankin da ya shekara, tauraro ɗaya tak. Biyu a tanki ɗaya raba musu yunwa ne.

Mai ƙulle-ƙulle, Protoreaster

Protoreaster nodosus ruwan ƙasa ne mai baƙaƙen ƙulle-ƙulle a baya. Ɗan uwansa Protoreaster linckii, toka-toka mai jajayen ƙayoyi, daga gaɓar Gabashin Afirka yake fitowa. Su ne mafiya ƙarfi a cikin taurari na ainihi: suna jure tafiya, suna cin duk abin da aka ba su, suna da araha, kuma suna shekaru. Ciyar da su abu ne mai sauƙi. Ka sa guntun ɗanyen jatan lande kamar girman farce a kan yashi, ka ɗora tauraron a kai, sau biyu ko uku a mako. Zai turo tumbinsa waje ta baki ya lulluɓe naman, ya narkar da shi a waje kafin ya janye.

Haka kuma zai yi wa murjaninka. Murjani mai laushi, da soso, da kumba, da dodon koɗin da ke share maka gilashi, duk abinci ne a wurinsa, kuma ƙoshi ba ya hana shi. Mai shago na iya ce maka nasa bai taɓa cin murjani ba. A tankin da babu murjani yake. Wannan tauraron na tankin kifi da dutse ne zalla, lita 200 zuwa sama, don yana kai santimita 30.

Mai tonon yashi

Astropecten da Archaster masu launin yashi ne, kuma a cikinsa suke wuni. Ana sayensu don su riƙa juya yashi ya yi fari, suna kuma yin aikin, wata biyu ko uku yashi tas. Abin da suke yi a zahiri shi ne cinye ƙananan tsutsotsi da dodon koɗi da sauran halittun da ke sarrafa dattin yashin. In sun gama, ka yi asara biyu: yashi ya mutu, tauraro kuma ya shiga yunwa, sau da yawa ya mutu a binne inda ba ka gani, sai gwajin amoniya, gubar da ruɓa ke saki cikin ruwa, ya tona. Araha ne, juriyarsa ta gishiri tsaka-tsaki ce, amma sai tanki mai faɗin ƙasa sosai da yashi mai zurfin santimita 5 zuwa sama. Ga mafi yawan tankunan gida, dodon koɗin Nassarius ya fi shi amfani ba tare da wannan ɓarna ba.

Mai hannun maciji

Masana ba sa lissafa shi cikin taurari na ainihi, dangi ne na kusa: ɗan faifai a tsakiya, hannuwa biyar sirara da yake tafiya da su da sauri. Ophiolepis superba mai zobba baƙi da ruwan ƙasa, da nau'o'in Ophioderma na tekun Karebiyan, su aka fi samu. Duk ma'aunin da aka ɗora shi yana wucewa. Yana cin ragowar abincin kifi da ya faɗa tsakanin duwatsu, yana karɓar abinci daga tsinke, ba ya taɓa murjani, lita 80 zuwa 100 ta ishe shi, kuma in hannu ya gutsure yana sake tsirowa. Aibinsa ɗaya: da rana ba ka ganinsa. Bakin hannu kawai za ka hango yana leƙowa daga rami, sai an zuba abinci ya ji ƙamshi, nan take hannuwa su fito suna lalube. Wanda ke son abin nuna wa baƙi a falo ba zai gamsu ba.

A kiyayi ɗaya daga cikinsu: koren nan, Ophiarachna incrassata. Kyan ɗan maciji ne. In ya girma, da dare yakan ɗaga faifansa sama a kan hannuwa ya yi kamar ɗan kogo, ƙaramin kifi ya shigo neman wurin barci, ya rufe a kansa. In kifi ƙanana na ɓacewa ɗaya bayan ɗaya a tankin da yake, ba sai an yi dogon bincike ba.

| Iri | Farashi | Ƙarko a tankin gida | Ciyarwa | Murjani | Mafi ƙarancin tanki |
|---|---|---|---|---|---|
| Shuɗin Linckia | Tsada | Ƙasa sosai | Ba ya karɓa, sai yauƙin dutse | Lafiya | Lita 400, ya shekara |
| Jan Fromia | Tsaka-tsaki zuwa tsada | Ƙasa zuwa tsaka-tsaki | Da wuya ya karɓa | Lafiya | Lita 250, ya shekara |
| Protoreaster | Araha | Mai kyau | Mai sauƙi | Yana cinyewa | Lita 200, babu murjani |
| Mai tonon yashi | Araha | Ƙasa | Sai abin da ke cikin yashi | Lafiya, amma yana kashe yashi | Lita 400, faɗin ƙasa |
| Mai hannun maciji | Araha zuwa tsaka-tsaki | Mafi kyau | Mai sauƙi | Lafiya | Lita 80, wata shida |

Saba masa da ruwan gidanka

Ko wanne ka zaɓa, aikin daga shago yake farawa. Tambayi kwana nawa ya yi a wurin. Wanda ya yi mako biyu babu tabo ya fi wanda ya sauka jiya sau goma. Jiki ya kasance da tauri, bakin hannuwa cikakku, ƙafafu na motsi. A kifar da shi cikin ruwa: mai lafiya zai murɗa hannu ya juya kansa cikin 'yan mintoci. Ka sa ledar cikin kula mai murfi, kada ka ajiye ta a but ɗin mota, don cunkoson gadar Third Mainland na awa biyu da rana tsaka ya isa ya kai ruwan leda inda dabbar ba za ta jure ba.

A gida, rage fitilar tanki. Sa ledar a rufe ta yi iyo minti 15 zuwa 20 don zafi ya daidaita. Buɗe, auna gishirinta da rifraktomita, na'urar nan da ake ɗiga ruwa a kan gilashinta a leƙa. Naka ya kamata ya zauna a 1.025 zuwa 1.026, wato kashi 35 cikin 1000. Shaguna da yawa suna riƙe ruwansu ƙasa da haka don rage kuɗin gishiri. In tazarar ba ta wuce 0.002 ba, ɗigon awa biyu, wato ɗiga ruwan tanki a hankali cikin ruwan da dabbar ta zo da shi, ya isa ga mai hannun maciji da Protoreaster, awa uku zuwa huɗu ga Fromia da Linckia. In ledar ta nuna 1.020 ko 1.021, kada ka ce za ka rufe tazarar a yini ɗaya. Haɗa ruwa daidai da na ledar a ƙaramin tanki na daban, ka riƙa ɗaga shi 0.001 kowace rana.

Kayan ɗigo mafi sauƙin samu a Legas shi ne sabuwar robar ƙarin ruwa ta asibiti, wadda kowane kemis ke sayarwa. Tana da ɗan gargare na rage gudu, kuma ɗigo 20 nata mililita ɗaya ne, don haka lissafin a fili yake: ɗigo uku a daƙiƙa ya ba ka kusan rabin lita a awa. Cire allurar. Juye tauraro da ruwansa cikin bokitin da sabulu bai taɓa shiga ba, karkata shi don ruwan ya rufe dabbar, ka janyo ruwa daga tanki zuwa bokiti. Duk lokacin da ruwan ya ninka, kwashe rabi ka zubar, ka ci gaba, har awon bokiti da na tanki su zo ɗaya.

Abin da umarnin da aka rubuta don ƙasashen sanyi ba ya faɗa shi ne a nan bokiti ɗumama yake yi. Rabin lita a ɗaki mai digiri 31 ba ta ɗaukar awa ɗaya ta bar 25, sai ka daidaita gishiri ka ɓata zafi. Ko dai a yi aikin a ɗaki mai AC, ko a sa dabbar cikin robar da ke iyo a ƙaramin tankin tacewa na ƙasa. In an gama, ɗebe shi da kofi a cikin ruwa, ka nutsar da kofin har ƙasan tanki ka bar shi ya fita da kansa. In ya manne da bokiti kada ka fizge, ƙafafun za su tsinke. Tura ruwa a hankali ƙarƙashinsa har ya saki.

Akwai bambanci ga ledar da ta zo kai tsaye daga filin jirgin Ikeja bayan kwana ɗaya ko biyu a rufe. Amoniya ta taru a ciki, amma iskar da dabbar ta fitar ta saukar da pH, wato ta ƙara wa ruwan tsami, wanda ke rage wa amoniyar dafi. Da ka buɗe, iskar ta fita, pH ya hau, amoniyar ta koma guba. A irin wannan, sa ɗigon maganin ɗaure amoniya irin su Seachem Prime da zarar ka buɗe, ka kuma ƙara saurin ɗigo a rabin awar farko.

Abin da ke kashe su bayan sun zauna

Ƙafewar ruwa ce ta farko. Tankin lita 200 da ake sanyaya shi da fanka yana iya rasa lita 4 a yini, fiye da haka lokacin hunturu. Ruwa ke tafiya, gishiri na nan. Kwana uku ba a cike ba, kashi 35 ya zama 37 da ɗoriya, sai mai tanki ya dawo daga tafiya ya antaya lita 12 lokaci ɗaya. Kifi zai jure wannan hawa da sauka, Linckia ba zai jure ba. Na'urar cike ruwa da kanta ita ce magani, kuma ruwan cikon ya zama marar gishiri, wanda aka tace da matatar RO/DI mai cire duk abin da ya narke a ruwa, har ma'aunin TDS, mai auna abin da ya narke, ya nuna sifili. Ruwan borehol na sassan Legas da dama yana da ƙarfe, na wajen Lekki da ɗan gishiri-gishiri, fiyawota kuma don sha aka yi shi. Ruwan lagun da na bakin teku ma a bar su: gishirinsu na sauyawa tsakanin damina da rani, ga dattin gari.

Ta biyu wuta. In an ɗauke, iskar shaƙa ce ke fara ƙarewa kafin zafi ya hau, kuma ruwa mai ɗumi ba ya riƙe ta da yawa. Ko layinka na Band A ne da aka yi wa alkawarin awa 20, saura awa huɗu. Famfon da ke juya ruwa ya kasance a kan inbata, da ƙaramin famfon iska mai batir a ajiye. Na'urar sanyaya ruwa tana jan wuta sosai, ita sai janareta ko sola mai ƙarfi.

Ta uku guba. Maganin kifi mai sinadarin jan ƙarfe yana kashe duk wani tauraro, kuma dutsen da ya taɓa shan maganin yana ci gaba da fitar da shi. Feshin maganin sauro da fiya-fiya a ɗakin da tanki yake haɗari ne iri ɗaya, don famfon iska da sikima, na'urar da ke cire datti da kumfa, suna zuƙo iskar ɗaki su cusa ta cikin ruwa. Hannu mai man shafawa ko turare kada ya shiga tanki. Sai maƙwabta: talibamban, da kifayen dangin Balistidae masu ƙarfin haƙori, suna gutsurar hannuwan taurari, jatan landen Hymenocera kuwa ba shi da wani abinci sai tauraron teku.

Canjin ruwa kashi 10 cikin 100 kowane mako ya isa, a haɗa gishirin tun jiya, a auna shi ya zo daidai da na tanki kafin a zuba.

Wa ya dace da wa

Mai tankin murjani na lita 80 zuwa 200, ko wanda wannan ne tauraronsa na farko, ko wanda wutarsa ba ta da tabbas: mai hannun maciji, Ophiolepis ko Ophioderma, ban da koren.

Mai tankin kifi da dutse, babu murjani kuma babu niyyar sa shi, wanda ke son abin da za a gani da rana yara su taru suna kallo: Protoreaster. Sai dai ya haƙura da dodon koɗi masu shara.

Mai tankin murjani na lita 250 zuwa sama wanda ya shekara, da na'urar ciko, da na'urar sanyaya, da inbata: Fromia ɗaya, a riƙa ɗaukar hotonsa kusa da rula kowane wata don a gane in ya fara raguwa.

Wanda yashi ne kawai damuwarsa: ya bar mai tonon yashi a shago, ya sayi Nassarius, ya rage yawan abincin da yake zubawa.

Shuɗin Linckia kuwa sai mai lita 400 zuwa sama, dutse mai yawa, wanda littafin awonsa ya nuna gishiri da zafi ba su motsa ba wata shida a jere, kuma ya samu wanda ya yi mako biyu a shago babu farin tabo. Wanda tankinsa bai kai nan ba, ya duba gilashi da dare da tocila: sau da yawa 'yan ƙananan Asterina, masu girman farce da hannuwa marasa daidaito, sun riga sun shigo a jikin dutse kyauta, suna raba kansu biyu suna yawaita. In sun yi yawa ko ka gan su a kan murjanin Zoanthus, tsince su da hantsaki da safe kafin fitila ta kunna.